Mai Turo Kuɗi da Mai Zaman Jinya: Bambancin Nauyin Kula da Manya Tsakanin Masu Neman Abinci a Birnin Katsina

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da ma'aikata da masu sana'a a birnin Katsina ke shiga idan doguwar jinyar babban mutum ta faɗo a gidansu, ko uwa ce ko uba, miji ko mata, yaya ko ƙane. Addini da al'ada sun ɗora wa kowa wannan nauyi, amma abin da kowa ke rasawa wajen sauke shi ya sha bamban. Irin aikin da mutum ke yi, kasancewarsa mace ko namiji, da inda danginsa suke zaune, su ne ke yanke ko jinya za ta taɓa albashinsa ne kawai, ko za ta cinye jarinsa da sana'arsa baki ɗaya. Takardar ta dogara da dokokin ƙwadago da na lafiya, da alƙaluman hukumomi, da binciken da aka taɓa yi a ƙasar Katsina, da kuma abin da ido ke gani a harabar asibitoci da cikin gidaje.

Gabatarwa

Wanda ya bi ta harabar kowane babban asibiti a Katsina bayan sallar isha'i zai tarar da jama'ar da ba ta cikin rajistar kowa. Tabarmi a shimfiɗe a baranda da gindin bedi, kuloli da filas a jere, ga buta ga bokiti, wayoyi a kusa da soket ɗaya ana jiran layin caji. Waɗannan su ne masu jinya. Su ke yankar kati, su bi layin biyan kuɗi, su fita waje neman maganin da babu a ciki, su kai jini da fitsari ɗakin gwaji, su nemo wanda zai ba da jini, su wanke marar lafiya, su ba shi abinci a baki, su zubar da fo. Idan ruwan da aka ɗaura ya kusa ƙarewa, mai jinya ne ke lura ya ruga ya kira nas.

Asibiti a Najeriya yana tafiya ne bisa zaton cewa kowane gado yana da ɗan'uwa a gefensa, kuma ƙarancin ma'aikata ya ƙara tabbatar da wannan zato. A watan Fabrairun 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ta bayyana cewa fiye da 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wata guda bayan nan Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun fita cikin shekara biyar. Duk aikin da hannun ma'aikaci bai kai gare shi ba, a kan dangi yake sauka.

Kowane mai kwana a kan waɗannan tabarmi ya baro wani abu a gari. Wata ta baro aji cike da yara, wani ya rufe rumfarsa a Babbar Kasuwa, wani ya ajiye Napep ɗin da mai shi ke jiran balas da yamma, wata ta sauke kaskon awarar da ke rufa mata asiri. Gaisuwar da ake yi musu iri ɗaya ce: "Sannu da jinya, ya mai jiki? Allah ya ba da lada." Amsar ma ba ta canzawa: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A ƙarƙashin wannan amsa akwai asara mai hawa-hawa, ita ce kuma takardar ke son fitarwa fili.

Jinyar da ake nufi a nan ta wata da watanni ce, wani lokaci shekaru: shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, ciwon suga da ya kai ga gyambo ko yanke ƙafa, ciwon ƙoda da ke buƙatar wankin jini sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu, ciwon daji, taɓin hankali, karayar ƙugu, da ruɗewar tsufa. A ɗauki dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye. Dole a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya buɗe masa a ƙugu ko dunduniya. Kunu ko farau-farau za a ba shi cokali-cokali, a tayar da kansa, a jira ya haɗiye don kada ya ƙware. A canza masa famfas, a wanke zannuwa, a yi masa alwala ko taimama. Ranar zuwa gashi sai ƙarti biyu sun ciccibe shi zuwa cikin Napep, ɗaya ya riƙe shi har asibiti, su zauna jiran layi rabin yini. Wannan cikakken aiki ne na mutum guda, har da ƙari, kuma babu gidan da ke da mutumin da ya ajiye don shi.

Daga gandu zuwa agogo

Ana yawan cewa a da dangi ne ke ɗaukar komai, zamani ne ya ɓata lamari. Binciken da aka yi a bakin ƙofar Katsina ya nuna maganar tana buƙatar gyara. Polly Hill, masaniya 'yar Ingila, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta kuma fitar da littafinta kan rayuwar karkarar Hausa a 1972. Daga abin da ta gano akwai cewa gandu, inda 'ya'ya maza ke noma tare da mahaifinsu ko bayan sun yi aure, ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu hali. Ɗan mai gonaki yana da dalilin zama kusa da tsohonsa. Ɗan talaka kuwa sai ƙwadago a gonar wani, ko cin rani, ko barin garin ɗungurungum. Ke nan tun a wancan lokaci mai wadata yana tsufa ne a tsakiyar hannuwa da yawa, talaka kuma hannuwansa sun watse neman abinci.

Abin da ya canza shi ne lokaci. Manomi a gandu yana iya barin gona da hantsi ya leƙo tsohuwa, ƙanensa ya riƙe masa kunya. Yau birni ya kusa haɗewa da Batagarawa, gonaki da yawa sun zama filaye da gidaje, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman suna wannan yanki, jikokin manoman kuwa suna sa hannu a rajistar ofis ko suna kai balas. Lokacinsu yana da mai shi.

Albashi da balas

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a ranar 23 ga Satumban 1987, aikin gwamnati ya zama ginshiƙin gidaje da yawa: sakatariya, makarantu, asibitoci, manyan makarantun ilimi. Ma'aikacin gwamnati shi ne ya fi kowa samun sauƙi idan jinya ta zo, domin ko ya yi mako a asibiti albashinsa zai shigo. Amma ko a cikin ma'aikatan akwai sama da ƙasa. Dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi ke kwaikwayo, sun raba hutun shekara bisa mataki: kwana 30 ga na mataki na 7 zuwa sama, kwana 21 ga na 4 zuwa 6, kwana 14 ga na ƙasa da haka. Wanda ya fi ƙarancin albashi, wanda ba zai iya ɗaukar mai aiki ta zauna da mahaifiyarsa ba, shi ne kuma aka bai wa mafi ƙarancin kwanaki.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka gada tun shekarun 1970, ta tanadi kwana 12 na hutun rashin lafiyar ma'aikaci shi kansa, da aƙalla kwana 6 na hutun shekara, da mako 12 na haihuwa. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa. An tuna da jariri, kuma hakan daidai ne. Tsohon da ya koma hannu kamar jariri, babu layi ko ɗaya a kansa.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne alfarma. Ma'aikaci ya shiga ofishin shugabansa ya rage tsawo: "Yallaɓai, tsohuwa ce aka kwantar, a taimaka mini da kwana biyu." Mafi yawan shugabanni a Katsina za su ce, "Je ka, Allah ya ba ta lafiya." Wannan tausayi gaskiya ne, ya kuma cancanci yabo. Sai dai alfarma ba haƙƙi ba ce. Tana bin sanayya da matsayi, tana kuma ƙarewa. Darakta ba ya neman izinin kowa kafin ya fita da ƙarfe goma ya kai mahaifinsa ganin likita. Malamar firamare ba ta da wanda zai riƙe mata aji. A wata na uku fuska kan fara canzawa, a fara cewa "wannan jinya taki ba ta ƙarewa?" Malamin makarantar kuɗi, da mai gadi ko mai shara da kamfanin kwangila ya ɗauka, da yarinyar da ke zama a shagon PoS, su ko wannan alfarmar ba su da tabbacinta: a yanke kwanakin daga albashi, ko su dawo su tarar an sa wani.

Duk waɗannan 'yan tsiraru ne. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan ayyukan yi ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cikin sana'o'in da babu takardar ɗauka, babu hutu, babu fansho. A nan ne jinya ke yin ɓarnarta mafi girma. Direban Napep da ke biyan kuɗin kekensa kashi-kashi, idan ya yi kwana biyar a gefen gado, bashin kwana biyar ya hau kansa, kuma idan abin ya yi tsawo mai keke zai karɓe kayansa. Tela ya rasa ɗinkin Sallah, wanda shi ne kakarsa ta shekara. Mai shayi ya dawo ya tarar abokan cinikinsa sun saba da teburin maƙwabci. Ɗan kasuwa ba ya taɓa riba wajen sayen magani, domin ribar ta tsaya tun ranar da ya rufe shago. Uwar kuɗi yake ci. 'Yan Babbar Kasuwa da gobarar watan Maris na 2021 ta cinye wa kaya sun san yadda sake tayar da jari yake da wuya, amma gobara aƙalla ana ganinta, a jajanta, a kafa kwamitin tallafi. Jarin da jinya ta cinye yana tafiya ne a ɓoye, kati bayan kati.

Kuɗin kuwa daga aljihu yake fita. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, marasa lafiya da danginsu ne ke biya kai tsaye. Daga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin mota da na magani suka ninka. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar a watan Agustan shekarar, wasu magunguna suka yi wuyar samu. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, wanda ya ɗan rage wa mai albashi raɗaɗi, amma mai facin taya a Ƙofar Ƙaura ba shi da wanda zai ɗaga masa komai.

Inshorar lafiya ma ta bi wannan layi. Tsarin da gwamnatin tarayya ta fara aiwatarwa a 2005 ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an biya musu daban. Wannan hoton iyali ne da bai yi kama da gidan Bahaushe ba, inda uwa da uba suke sahun farko na waɗanda mutum ke ɗauke da su. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mai da inshora tilas ta kuma tanadi asusun masu rauni, ciki har da tsofaffi, jihar Katsina ma ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Matakai ne masu kyau. Amma ko inshora ta biya magani da gwaji, ba ta biyan yinin da mai jinya ya rasa, kuma wannan yini shi ne abincin gidansa.

"Ai ke ce a kusa"

A asibiti maza suna jinya sosai, domin ɗakin maza namiji yake buƙata, kuma kunya ta hana 'ya mace wanke mahaifinta idan akwai ɗa namiji. Akwai samari a wannan gari da suka ajiye karatu ko sana'a suka tare a gindin mahaifinsu, kuma bai kamata a shafe su daga lissafi ba. To amma da an sallamo marar lafiya ya dawo gida, inda mafi tsawon jinya take, nauyin yakan koma kan mata. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali da ba a biya a duniya, kuma mata miliyan 606 ne wannan aiki ya hana su fita neman kuɗi, a inda maza suke miliyan 41.

A Katsina akwai abin da ya sa asarar mata ta fi ɓoyuwa. Ana kallon matar da ke cikin gida a matsayin marar aiki, saboda haka ita ce "mai lokaci". Tun 1969 Polly Hill ta yi rubutu kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, ta nuna cewa kasuwa ce sosai, ta hatsi da mai da dafaffen abinci, da yara ke haɗa ta gida-gida. Har yau haka take, ta ma ƙara faɗi: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ɗanwake, kitso da lalle, ɗinkin hula, turaren wuta, atamfofin da ake tallatawa a WhatsApp. Da wannan kuɗi mace ke zubin adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, sau da yawa ma ta cika cefane. Ranar da aka kawo suruka aka kwantar a ɗakin kusa da nata, kaskon ya sauka, zubi ya tsaya, babu kuma wanda zai ce ta rasa aiki, tunda tun farko ba a yarda tana da shi ba.

Wace mace ce ake zaɓa? Ba a jefa ƙuri'a. Idan akwai bazawara a gida, ita ce. Idan babu, sai matar ɗan da ke zaune a gidan gado, wanda galibi shi ne mafi ƙarancin samu a cikin 'yan'uwa, domin masu hali sun yi gini a Layout ko GRA ko sun tafi Abuja. Idan ita ma ta gaza, sai a ɗauko jika, yarinya 'yar sakandare, a ce ta je ta taya Hajiya kwana. Kwana ya zama zango, zango ya zama shekara, jarrabawa ta wuce. 'Yar da ke aikin banki ko koyarwa a jami'a ana yi mata uzuri, ta biya 'yar aiki ko nas mai zuwa gida. Ita 'yar aikin kuwa, wadda aka ɗauko daga ƙauye, tata kakar tana can babu mai kula da ita.

A nan akwai abin da ya kamata malamai su riƙa faɗa da babbar murya. Alƙur'ani, a Suratul Isra'i, ya yi umarni da kyautata wa iyaye musamman idan tsufa ya riske su, kuma a fiƙihun Malikiyya ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali. Umarnin a kan 'ya'ya yake. Matar ɗa da ke wanke surukarta kyautatawa take yi, ba bashi take biya ba. Gidaje da yawa sun juya lamarin: ɗa ya sauke wajibinsa a kan matarsa, ya karɓi albarka, ita kuma idan ta nuna gajiya a ce ba ta da tarbiyya.

Rabon da ake yi a cikin gida

Idan ciwo ya yi tsanani, 'yan'uwa sukan buɗe zaure a WhatsApp. Na Abuja ya turo kuɗi, na Legas ya turo, wanda ke Saudiyya ko Ingila ya turo mai kauri. Kowane turi yana zuwa da shaidarsa, kowa ya gani, a jera addu'o'i: "Allah ya ƙara buɗi, Yaya." Kuɗin nan ana buƙatarsa ƙwarai, babu shi babu wankin ƙoda, kuma masu turo shi da yawa matse kansu suke yi. Amma wanda ya kwana a zaune yana juya Baba ba shi da rasit ɗin da zai ɗora. Sau da yawa ma shi ake tuhuma: ina aka kai kuɗin makon jiya, me ya sa Baba ya rame, don me ba a koma asibiti da wuri ba. Wanda ya zo dubiya ta kwana biyu da ledar lemo da madara yakan fi samun fara'ar marar lafiya a kan wanda ke tilasta masa shan magani kullum.

Bayan rasuwa sai rabon gado. Ana biyan bashin mamaci, a fitar da wasiyya, a raba saura bisa ƙa'idar shari'a. Wanda ya kashe kuɗi da niyyar a mayar masa yana iya kawo lissafi. Wadda ta kashe shekara huɗu, ta rasa jarinta da lafiyar bayanta, wani lokaci har da damar sake aure, ba ta da abin nunawa, kuma idan matar ɗa ce ba ta cikin magada ma. Ba a ce a taɓa ƙa'idar gado ba. Shari'a ba ta hana 'yan'uwa su yanka wa mai zaman jinya wani abu duk wata tun marar lafiya yana raye ba, ba ta kuma hana magada su yi mata kyauta daga rabonsu ba. Abin da ke hanawa shi ne tunanin cewa ambaton kuɗi yana zubar da lada. Talakan gida ne ke biyan kuɗin wannan tunani.

Birni da ƙauye

Matsalar tsaro ta ƙara wani hawa. Hare-haren 'yan bindiga a Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da maƙwabtansu sun koro dubban mutane, da yawa suka faɗo birnin Katsina wajen dangi. Ƙaramin ma'aikaci ko ɗan acaɓa mai ɗaki biyu a Sabuwar Unguwa ya wayi gari da iyaye da gwaggo a hannunsa, ga gonar da a da ke turo masa buhun gero an bar ta. Tsohon da aka raba da garinsa da masallacinsa da abokan hirarsa yakan lalace da sauri. Waɗanda iyayensu suka ƙi tasowa kuma suna cikin wata fargabar: hanya ba ta biyuwa a kowane lokaci, kuma a lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama a watan Satumban 2021, ko jin lafiyar tsohuwa ko tura mata kuɗin magani ya gagara.

Mai jinyar da ya taho daga ƙauye zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, ko cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga, nasa lissafin daban ne. Ɗan birni yana da wanda zai canje shi, ana kawo masa abinci daga gida. Shi kuwa sai ya sayi kowace loma, ya kwana a baranda, idan kuma damina ce gonarsa tana can ciyawa na cinye ta. Da yawa daga masu sa hannu su ɗauke marar lafiyarsu ba tare da yardar likita ba, ba jahilci ne ya sa su ba. Akuyar ƙarshe aka sayar.

Abin da za a iya yi

Wasu ƙasashe sun fara sa wa wannan aiki suna a doka. Jamus ta kafa inshorar kula da gajiyayyu a 1995, Japan ta bi a 2000, kuma dokar Japan ta ba ma'aikaci har kwana 93 don jinyar ɗan'uwa. Tarayyar Turai a 2019 ta wajabta aƙalla kwana 5 a shekara, Birtaniya kuma daga Afrilun 2024 ta ba da mako guda, amma ba tare da albashi ba. Darasin da ke cikin na Birtaniya ya shafe mu: hutun da babu biya sai mai abin hannu ke iya ɗauka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya ta 156 ta shekarar 1981 kan ma'aikata masu nauyin iyali. Jamhuriyar Nijar ta amince da ita tun 1985, Najeriya ba ta yi ba. Dokar Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, da manufar ƙasa kan tsufa ta 2021, sun dubi tsoho, amma mai riƙe da tsohon bai samu gurbin da ya dace ba.

Gwamnatin jiha tana iya rubuta hutun jinya mai albashi a dokokin aikinta, kwanaki iri ɗaya ga masinja da babban sakatare, ta kuma buɗe ƙofa mai sauƙi ta saka iyaye a inshorar ma'aikata. Wannan zai taimaka, sai dai kashi ɗaya cikin goma kawai zai taɓa. Sauran tara sai an bi su ta inda suke. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na teloli, da na masu Napep, duk suna karɓar kuɗin mako, suna kuma taimaka wa wanda aka yi wa rasuwa ko haihuwa. Ba sabon abu ba ne a ƙara doguwar jinya a jerin, har da yarjejeniyar ɗaga wa direba balas na wasu kwanaki. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha, da attajiran da ke biya wa marasa lafiya kuɗin magani a watan azumi, suna iya lissafa mai jinyar da sana'arta ta tsaya a cikin mabuƙata, a mayar mata da jari. Ma'aikatan lafiya na unguwanni kuwa, da za a horar da su su riƙa shiga gidaje suna nuna yadda ake ɗaga marar lafiya ba tare da karya baya ba, yadda ake kare gyambon kwanciya, da yadda ake auna hawan jini da suga a gida, da an rage zirga-zirgar da ke cin yini da kuɗin mota.

Akwai kuma aikin da ya rataya a kan masu bincike, kuma ba ya buƙatar kasafi mai yawa. Fayil ɗin kowane marar lafiya yana ɗauke da sunansa da shekarunsa da ciwonsa da wanda za a kira idan wani abu ya faru. Da asibitocin Katsina za su ƙara tambaya uku a ranar kwantarwa da ranar sallama, wato wa zai zauna da shi, mece ce sana'arsa, kuma wa zai canje shi, da cikin shekara guda sassan nazarin zamantakewa da na lafiyar al'umma a jami'o'in garin sun samu alƙaluman da za su ajiye a gaban Majalisar Dokokin Jiha, unguwa-unguwa, sana'a-sana'a, maza da mata.